Linzamin Kwamfuta: Yadda Za A Sa Ya Riƙe Gudun Da Aka Daidaita Masa

Akwai wani kuka da a ke yawan ji a bakin akawuna da malaman makaranta tun da kwamfuta ta shigo ofisoshinmu, watau kukan linzami. Mutum ya zauna yau ya daidaita gudun 'yar kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfuta, har ta dace da hannunsa, ya yi aikinsa cikin jin daɗi, ya tashi. Gari na wayewa ya kunna, ya shiga, sai ya tarar kibiya ta koma gidan jiya: ko dai tana tsalle kamar fara, ko kuwa tana jan ciki kamar kunkuru. Waɗansu sukan ce linzamin ne ya lalace, su sa a sayo sabo. Waɗansu su ce kwamfutar ce ta tsufa. Galibi kuwa kayan duk lafiyarsu lau, abin da ya faru shi ne gyaran da aka yi bai shiga littafin da ya kamata ya shiga ba.

Wannan magana ta fi shafar wurare irin su Anka da Gummi da Bukkuyum da sauran ƙasashen yammacin Zamfara, inda ba kowane ma'aikaci ke da tasa kwamfutar ba, a kan sami mutum uku ko huɗu suna karɓa-karɓa a kan guda ɗaya, ga kuma wutar lantarki ba ta da alkawari. A zamanin da waɗannan ƙasashe su ke ƙarƙashin En'en Sakkwato, kowane akawu yana da alƙalaminsa wanda bakinsa ya saba da hannunsa, ba ya kuwa son ba da shi aro. An rushe tsarin En'e a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, aka kuma cire Jihar Zamfara daga ta Sakkwato ran 1 ga Oktoba, 1996. Yau alƙalamin ofis shi ne linzami, ga shi kuma na tarayya ne. Saboda haka ya kamata kowane mai aiki da shi ya san inda kwamfuta ta ke ajiye gyaransa.

Abin Da Ke Sa Kibiya Gudu

Wani injiniyan Amurka ne mai suna Douglas Engelbart ya ƙago linzami, abokin aikinsa Bill English ya sassaƙa na farko da katako, aka nuna wa jama'a shi a birnin San Faransisko ran 9 ga Disamba, 1968. Turawa suka kira shi ɓera saboda wayar da ke bayansa kamar wutsiya. Mu kuwa muka kira shi linzami, gama da shi a ke juya akalar kwamfuta.

Aikinsa ƙidaya ne. Duk sa'ad da aka tura shi bisa tebur, yakan ƙidaya 'yan ɗigo-ɗigo gwargwadon tafiyar da ya yi, ya aika wa kwamfuta. Linzaman ofis da yawa suna ƙidaya ɗigo 800 ko 1,000 a kowane inci, waɗansu har 1,600. Ita kuma kwamfuta sai ta ɗauki wannan lissafi ta ninka shi ko ta rage shi bisa ga ma'aunin da aka sa mata. Misali, in fuskar kwamfuta tana da faɗin ɗigo 1,366, linzami kuma mai 800 ne, ma'auni yana tsakiya, to, tura hannu ƙasa da inci biyu ya isa kibiya ta ƙetare daga wannan gefe zuwa wancan. In aka sauya linzamin da mai 1,600, rabin wannan tafiya ta isa, alhali ba wanda ya taɓa ma'aunin. Ke nan gudun kibiya daga wuri biyu ya ke fitowa, akwai na jikin linzami, akwai na cikin kwamfuta. Na cikin kwamfuta shi ne wanda mu ke daidaitawa, shi ne kuma ya kan ɓace.

Allo Da Rajista

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Na ɗaya kamar allon ɗalibi ya ke, a rubuta yanzu a wanke an jima. Duk abin da ke kansa yakan goge da zarar an kashe ta. Na biyu shi ne faifan da ke cikinta, wanda ya yi kama da littafin rajista, abin da aka shigar a ciki yana nan har sai an soke shi. Gyaran da ya tsaya a allo na yini guda ne. Wanda ya shiga rajista shi ke kwana.

Amma ga inda mutane da yawa su ke ruɗewa. Rajistar nan ba guda ɗaya ba ce ga kowa da kowa. A cikin manhajar Windows, wadda ita ce ke cikin akasarin kwamfutocin ofisoshinmu, kowane mai asusu, watau mai suna da kalmar sirri da ya ke shiga da su, yana da nasa littafin dabam. Littafin wani fayil ne mai suna NTUSER.DAT, yana ɓoye cikin jakar mai asusun. Sa'ad da mutum ya shiga, Windows takan buɗe littafinsa ta karanta. Sa'ad da ya fita, ta rufe ta ajiye. A cikinsa akwai layi mai suna MouseSensitivity, wanda ke ɗauke da lamba daga 1 zuwa 20, kwamfuta kuma da 10 ta ke zuwa daga kamfani. Wannan lamba ita ce gudun kibiya.

To, kun ga kwamfuta suna ta sani, ba ta san hannu ba. In akawun albashi da na haraji suna shiga da asusu ɗaya, littafinsu ɗaya ne, wanda ya zauna daga baya shi ke da magana, na farko kuwa ya zo ya yi ta zargin inji. In kuma mutum ya yi gyara cikin asusun shugaban ofis, ya dawo nasa, ba zai tarar da kome ba.

Hanyar Daidaitawa A Windows

Hanya mafi sauƙi, wadda ke aiki tun daga Windows 7 har zuwa Windows 11, ita ce a danna maɓalli mai tambarin Windows tare da harafin R. Wani ɗan akwati zai fito, a rubuta main.cpl a ciki, a danna Enter. A shafin da ya buɗe, a zaɓi Pointer Options. Can sama akwai ma'auni mai daraja 11, ta shida ita ce tsakiya, ita ce daidai da lamba 10 ta cikin rajista. A ja shi hagu don rage gudu, dama don ƙarawa.

A lura da wannan ƙwarai: tun ana jan ma'aunin kibiya za ta sake gudu, amma wannan ɗanɗano ne kawai a ke ba mutum. Sai an danna Apply ko OK sa'an nan za a shigar da shi rajista. Wanda ya rufe shafin ta kusurwa, ko ya danna Cancel, daidai ya ke da akawun da ya karɓi kuɗi bai yanka rasit ba.

Ƙarƙashin ma'aunin akwai ɗan gurbi da aka rubuta Enhance pointer precision. In an yi masa alama, kibiya takan ƙara gudu in an fizgi hannu, ta rage in an tura a hankali. Waɗansu suna jin daɗinsa, musamman a kan ƙaramin tebur. Amma mai koyo ya fi samun sauƙi in an cire alamar, domin tafiyar hannu iri ɗaya kullum za ta ba shi tafiyar kibiya iri ɗaya.

A Windows 11 akwai wata ƙofa kuma: a shiga Settings, sa'an nan Bluetooth & devices, sa'an nan Mouse. Ma'aunin can daga 1 zuwa 20 ya ke, yana kuwa ajiye kansa nan take ba sai an danna kome ba. Ƙofofin biyu ɗaki ɗaya su ke shiga.

Bayan an gama, kada a jira sai gobe. A fita daga asusun a sake shiga, a duba. A kuma kashe kwamfutar gaba ɗaya a kunna, a sake dubawa. In gyara ya tsallake waɗannan biyu, ya zauna ke nan.

In An Yi Haka Bai Zauna Ba

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da zai nuna inda cutar ta ke. A rubuta ɗan fayil, ko da kalma ɗaya ce a ciki, a ajiye shi a fuskar kwamfuta, sa'an nan a fita a sake shiga, daga baya kuma a kashe a kunna. Abu uku ne ɗaya zai faru.

Na farko, fayil ɗin ya ɓace tun daga fita da shiga. Wannan alama ce mai yiwuwa an saukar da mutum a masaukin baƙi. In Windows ta kasa buɗe littafin mai asusu, abin da kan iya faruwa bayan wuta ta ɗauke kwamfuta na tsakiyar aiki, takan ba shi littafin wucin gadi, ta kuma nuna masa gargaɗi a kusurwa, wanda da yawa ba sa karantawa. Don a tabbata, a danna tambarin Windows da R, a rubuta %userprofile% a danna Enter. In jakar da ta buɗe sunanta TEMP, to, shi ne. Nan fa maganar ta wuce ta linzami, gama duk takardar da aka ajiye a wannan jaka za ta tafi da zarar an fita, ko jerin albashi ne ko sakamakon jarrabawar 'yan aji. A hanzarta a kwafe aikin ranar a filashi, a kashe a kunna sau biyu ko uku. In bai warke ba, mai kula da kwamfutocin ya buɗe sabon asusu, ya kwaso takardu daga tsohuwar jaka.

Na biyu, fayil ya tsira daga fita da shiga, amma ya ɓace bayan an kashe an kunna. Wannan aikin mai kula da ɗakin ne, da gangan kuma ya yi. Akwai manhajoji, irin su Deep Freeze ta kamfanin Faronics na ƙasar Kanada, waɗanda a ke sa wa kwamfutocin makarantu da shagunan intanet domin su mai da faifai yadda ya ke duk sa'ad da aka kunna, kome ɓarnar da yara suka yi. A irin wannan kwamfuta, sai mai kalmar sirri ya kwance ƙullin, ya kunna, ya yi gyaran, ya sake ƙullewa. A manyan ma'aikatu kuma, inda kwamfutoci ke haɗe da uwa guda, shugaban sashen yana iya aiko doka daga can wadda za ta riƙa mai da ma'auni inda ya so. Maganin waɗannan duka shi ne a je a yi magana da mai iko.

Na uku, fayil yana nan daram, linzami ne kaɗai ya manta. To, akwai mai shiga bayan mutum yana sake rubutu. Kamfanonin linzami, kamar Logitech da Razer, suna da manhajojinsu da ke tashi tare da kwamfuta, waɗanda ke iya ɗora nasu ma'aunin a kan na Windows. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a duba sashen Startup, a ga abin da ke tashi. A Windows 7 kuwa msconfig a ke rubutawa cikin ɗan akwatin nan. Ko dai a yi gyaran a cikin manhajar kamfanin, ko a hana ta tashi. A kuma duba bayan linzamin kansa: waɗansu suna da ɗan maɓalli kusa da ƙafar tsakiya, wanda ke sauya yawan ɗigon da su ke ƙidayawa. Yatsa na iya taɓa shi ba da sani ba, kibiya ta ɗauki gudu, rajista kuwa ba ta da labari.

Kafin a ɗora wa kwamfuta laifi, a kifar da linzami a goge idonsa, musamman lokacin hunturu da ƙura ta ke yawa. Gilashi da tebur mai sheƙi suna ruɗa shi. 'Yar shimfiɗa, ko farar takarda ma, ta isa.

Ga Masu Kula Da Ɗakin Kwamfuta

Malamin da aka danƙa wa kwamfutoci ashirin ba zai so ya bi asusu ɗai-ɗai yana gyarawa ba. Windows tana da wani littafi na asali cikin jakar da a ke kira Default, a ƙarƙashin jakar Users, daga gare shi ta ke kwafar littafin duk sabon asusu. In aka buɗe shi da manhajar regedit, ta hanyar Load Hive, aka gyara lambar MouseSensitivity, aka rufe da Unload Hive, duk asusun da aka buɗe daga baya zai gaji wannan lamba. Tsofaffin asusu kuwa ba zai taɓa su ba. Kada a ruɗe da wani reshe mai kama da shi a suna, watau .DEFAULT mai ɗigo a gaba. Wannan na shafin da a ke rubuta kalmar sirri ne kafin a shiga. Gyaran da aka yi da hannu cikin rajista ba ya fara aiki sai an fita an sake shiga. Wanda bai saba da regedit ba ya bar wa masana, gama linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, kuskure ɗaya a can yana iya hana asusu buɗewa.

Ga Masu Linux

Waɗansu kwamfutoci ba Windows ke cikinsu ba, Linux ce, wadda Linus Torvalds na ƙasar Finlan ya fara a 1991, a ke kuma samunta kyauta da sunaye iri-iri kamar Ubuntu da Mint. A nan ne bambancin allo da rajista ya fi fitowa fili. Akwai umarni mai suna xinput da a ke rubutawa don sauya gudun linzami. Yana aiki nan take, amma a allo ya ke rubutu, ana fita ya goge. Wani tsohon umarni kuma, xset m, ba ya tasiri a kan sababbin kwamfutoci masu aiki da libinput.

Ma'aunin Linux daga -1 zuwa 1 ya ke, sifili ne tsakiya. Hanyoyin zaunar da shi uku ne. Ta ɗaya, wadda ta fi sauƙi, a shiga Settings a zaɓi Mouse & Touchpad a ja ma'auni, za a ajiye shi cikin jakar mai asusu. Ta biyu, a rubuta umarnin xinput ɗin cikin fayil mai suna .xprofile a jakar mai asusu, domin a riƙa karanta shi duk shiga. A yi amfani da sunan linzami cikin umarnin, kada a sa lambarsa, don lambar tana iya sauyawa daga kunnawa zuwa kunnawa. Wannan ya sha kā da mutane. Ta uku, don gyara ya game kowa, mai kula ya ajiye fayil mai ƙarewa da .conf cikin jakar /etc/X11/xorg.conf.d, ya rubuta AccelSpeed da lambar da ya ke so. Sai dai a sani hanya ta biyu da ta uku na tsohon tsarin nuni ne mai suna Xorg. Ubuntu ta koma sabon tsari mai suna Wayland tun fitowarta ta watan Afrilu 2021, a can kuwa hanya ta ɗaya ce ke aiki.

Wa Ya Kamata Kwamfuta Ta Tuna?

Mai karatu zai iya cewa wannan ƙaramin abu ne. Akawun da ke shigar da lambobi cikin ɗaruruwan gurabe ba zai ce haka ba, gama kibiyar da ta zarce layi ɗaya tana iya kai albashin wani ga sunan wani. Malamin makaranta ma ba zai ce ba. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mai da ita ta kowa a 2015. A 2017 ta fito da tsarin maɓallai takwas domin ɗalibin da bai saba da linzami ba ya iya amsa tambayoyi da haruffa kawai, wannan kuwa ya isa shaida cewa wahalar ta gaske ce. A shekarar ce kuma Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa ta fara jarrabawar ƙwarewa da kwamfuta, WAEC ma ta fara nata ga masu zama na ƙashin kansu a 2024.

Saboda haka shawara biyu ce, kowace da wurinta. A ofis, kowane akawu ya sami asusunsa da kalmar sirrinsa, ko da kwamfutar ɗaya ce. Buɗe asusu bai fi aikin minti biyar ba, ba a kuwa biyan ko kwabo. Ta haka dattijo mai rawar hannu zai rage gudu, saurayi ya ƙara, ba mai ɓata wa wani, kuma takardun kowa suna cikin jakarsa. A kuma riƙa fita da kashewa bisa ƙa'ida, ba a zare waya daga bango ba; in da hali a sayi ɗan batirin nan mai riƙe wuta na 'yan mintoci, domin littafi ya rufu lafiya.

A ɗakin koyon ɗalibai kuwa akasin haka ya fi. A tsai da ma'auni a daraja ta shida, a ƙulle shi, kowane yaro ya tarar da shi yadda na gabansa ya tarar. Ɗalibin Gummi ko na Bukkuyum da zai tafi cibiyar jarrabawa ba za a bar shi ya daidaita kwamfutar can ba, yadda ya same ta haka zai yi aiki da ita, kwamfutoci kuwa a tsakiya su ke zuwa daga kamfani. In hannunsa ya saba da wannan gudu tun daga makaranta, hankalinsa zai tattaru kan tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna fata shugabannin ofisoshi da na makarantu za su duba wannan magana, su sa a rubuta a 'yar takarda a manna jikin kowace kwamfuta: wane ne mai kula da ita, an ƙulle ta ko ba a ƙulle ba, a wace daraja kuma aka tsai da linzaminta. Wanda ya tarar da kibiya ta sauya, ya fara da gwajin ɗan fayil kafin ya rubuta takardar neman kuɗin sabon linzami.